Saukar Hawan Kibo da mashin ɗauke da lodi: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai V-Strom, Rayfield:
Salam 'yan uwa. Ƙarshen watan nan in Allah ya yarda zan sauka Abuja daga Jos da mashin ɗina V-Strom 650, ni da madam a baya, ga akwati biyu a gefe ɗaya a sama. Hanyar kam na santa a mota amma da mashin da lodi haka ban taɓa saukar Hawan Kibo ba. Waɗanda suka taɓa yi dan Allah ku faɗa min me ya same ku a gangarar nan, me kuka canza a jikin mashin bayan nan. Ba labarin wai-wai nake so ba, wanda ya faru da kai.

Ɗan Bukuru mai KLR:
Wa alaikassalam oga. Ni dai man birki zan ce maka, man birki, man birki. KLR ɗina Beljiyam na saye shi, fad ɗin birki sababbi fil, taya lafiya, komai zam-zam. Muna cikin gangarar ina bayan wata tirela mai tafiyar hawainiya ba damar wucewa saboda kwana, ƙafata na kan birkin baya tun daga sama, kawai sai na ji fedal ya tafi ƙasa salalau kamar ka taka soso, babu komai a ciki wlh. Na gaba ne ya cece ni da giya ta biyu har na samu gefe na faka. Da ya huce birkin ya dawo da kansa sai ka ce ba shi ba. Da muka buɗe kofin man a Akwanga baƙi ƙirin muka tarar, Allah kaɗai ya san shekarar da aka zuba shi tun a can Turai. Man birki yana zuƙar danshi daga iska, sabon man birki mai lamba DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a 155 ma ya tafi, kuma in ya tafasa tururi ne a cikin bututun, tururi kuwa matsuwa yake ba ya tura komai. Shi ya sa ake cewa a canza duk shekara 2 ko da mashin a ajiye yake. A zuƙe tsohon tas a fitar da iska, ba ƙari a kai ba.

Bakanike, Dilimi:
Gaskiyar Ɗan Bukuru ne. Amma ku ji, ko sabon mai ka zuba in ka ɗora ƙafa a birki daga Riyom har Assop sai ya ba ka kunya. Jos tana sama da mita 1,200, Abuja ba ta kai rabin haka ba, kuma babban rabon saukar a wannan ɗan tsakanin yake. Inji ne zai riƙe ka. Ka shiga giya ta biyu ko ta uku tun kafin gangara ta fara, ka saki totur, inji ya yi ta kuka ka ƙyale shi ba abin da zai same shi. Birki kuma ka matsa sosai ka saki, ka matsa ka saki, ya samu ya sha iska. Masu kama kuloci su sake mashin ya gangara wai suna tattalin mai tun da aka cire tallafi a 2023, ni dai ba ruwana, man da za ka rage bai kai kuɗin ɗinki ɗaya a asibiti ba. Sannan kar wani ya sayar maka da DOT 5 ya ce ai ya fi 4 tunda lambar ta fi girma, ba jinsi ɗaya ba ne ba a haɗa su. Abin da aka rubuta a murfin kofin shi za ka zuba.

Baba mai Boxer:
Yara kuna ta maganar manyan mashina. Ni da Boxer 150 nake zuwa Keffi in dawo, buhun dankalin Turawa a baya, tankin lita 11 ya ishe ni. Namu birkin ganga ne ba mai a ciki, amma shi ma in ya yi zafi gangar buɗewa take sai ka ji kana takawa yana tafiya. Ina tsayawa wajen masu ayaba da gasasshiyar masara in bar shi ya huce in ci abina. Kuma duk ƙauyen da ya lalace akwai mai kayansa. Naku in ya tsaya a Gwantu sai dai a nemo a-kori-kura.

Mai V-Strom, Rayfield:
Hahaha Baba a yi mana afuwa, Allah ya ƙara girma. To maganar akwatunan fa?

Mai GS, Gwarinpa:
Yawwa nan nake jira. Yallaɓai matsalar yawancinmu ba birki ba ce, lodi ne da inda muke ɗora shi. Wani mai walda ya haɗa min kariya da akwatunan ƙarfe, aiki mai kyau a ido, amma akwatunan kaɗai babu komai a ciki sai ka yi nishi kafin ka ɗaga, ga na saman ya zauna can bayan tayar baya. Abin da na gani a Hawan Kibo shi ne gaba ya yi sakayau, in na shiga kwana kan mashin yana rawa a hannuna yana neman ya miƙe, ga tanka tana hawowa ta cinye rabin hannuna, gumi ya jiƙa ni cikin hular kwano duk da sanyin Disamba. Ina isa Abuja na kwance su. Yanzu jakunkunan gefe masu laushi nake sawa, masu nauyi irin sifanu da ruwa da famfo a ƙasa kusa da tsakiyar mashin, akwatin sama rigar ruwa ce kawai da safar hannu. Ka duba jikin kariyarka ko littafin mashin, yawanci kilo 5 zuwa 10 aka yarda ka ɗora a can baya, mu kuma sai mu cusa masa jarka. Kuma kar ka bari a yi walda a jikin firam, da noti ake ɗaure kariya, in ta karye ita kaɗai ta karye.

Abu na biyu shokozoba. V-Strom tana da abin murɗawa a gefe na ƙara ƙarfin sifirin ɗin baya, da hannu ake juya shi ko sifana ba ka buƙata. Mutum biyu da kaya dole ka ƙara, in ba haka ba baya ya zauna, fitila ta kalli sama tana kashe wa masu zuwa ido, sitan kuma ya riƙa gogar kwalta a kwana.

Uwargidan mai GS:
Ni da nake zama a baya bari in sa baki. Ku gaya wa madam a gangara duk taka birki jikinta zai zame gaba ya danne maigidan, nauyin ya koma hannunsa. Ta riƙe ƙarfen gefe ko ta dafa tanki, ta matse da gwiwa. Mayafi da bakin zani ko abaya a cusa su cikin jaket, kar a bar komai yana lilo kusa da cen da taya, wannan ba abin wasa ba ne. A saya mata hular kwano daidai kanta ba ragowar ta oga ba. Kuma a tsaya a garin Forest a miƙe ƙafa dan Allah, ku maza in kun hau ba ku san gajiya ba.

Ɗan Bukuru mai KLR:
Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya, taya. Tayoyin Beljiyam da yawa zanensu da saura amma robar ta tsufa ta ƙandare. A gefen taya bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu, in ka ga 2319 to sati na 23 ne na 2019. Wadda ta haura shekara 5 ni ba na shiga kwanar Hawan Kibo da ita, balle da damina ga bakin mai da gas da manyan motoci ke zubarwa a kwalta. Iska kuma da safe ake aunawa taya na sanyi, da gejinka, na masu faci kowanne da abin da yake nunawa.

Bakanike, Dilimi:
Cen ma ku auna shi madam na zaune da kaya a kai. Wani ya ɗaure cen tam mashin na kan sitan babu kowa, da aka yi lodi shokozoba ta zauna cen ya ƙara ɗaurewa, boris ɗin da ke bayan ƙaramin haƙori ya tafi, aikin da sai an tsaga inji. Da kananzir ake wanke cen mai 'yan robobi a tsakani, fetur cinye robar yake. Bakin mai kuma ka tabbata akwai JASO MA ko MA2 a jikin galan, na mota wani yana sa kuloci sulɓi, a dawowa wajen hawa za ka gane. Masu kafireta irin tsohon KLR in kun hawo Jos kun ji mashin ya yi nauyi fulogi na baƙi, iskar sama ce ba ta da kauri, ga ƙurar hunturu ta toshe iyakilina, ku fara wanke ta kafin ku taɓa kafireta. Taka oga injekta ce tana daidaita kanta.

Mai GS, Gwarinpa:
Mai GS dai ba ruwansa da cen, shaf ne wato sandar ƙarfe ke juya tayar baya, lol. Ka fito bayan gari ya waye sosai hazo ya ɗaga, kar ka yi dare, akwai shingayen jami'an tsaro a hanya takardunka su kasance a aljihun gaba ba ƙasan akwati ba. Ka cika tanki a Jos, ka ƙara a gidan mai na kirki a Akwanga, ban da na bumburutu. Ni a wurina ma Masaka zuwa Mararaba zuwa Nyanya ya fi Hawan Kibo cin rai, go-sulo da zafi fanka na ta juyawa ga akwatunan gefe ba ka iya kutsawa.

Mai V-Strom, Rayfield:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na leƙa tayar baya yanzu da tocila 4118 na gani, ke nan ita ma ta tafi. Oga na Dilimi gobe da safe zan shigo da ita a zuƙe man birki gaba da baya, akwai taya 150/70 rim 17 a wajenku ko sai an aiko daga Legas?