Sabuwar sifika ta ƙi zama a ƙofar Corolla, ya zan yi?

Direban Wunti:
Assalamu alaikum jama'a. Corolla ce da ni ƙirar 2006, ina jigila da ita tsakanin Bauchi da Gombe. Sifikar ƙofar direba ta yage, ko karatu na sa sai karkarwa take yi. Na sayo sababbi biyu masu inci 6.5. Da muka cire murfin ƙofa sai muka tarar tsohuwar haɗe take da wata roba mai kunnuwa, an kama ta da ribit uku. Sabuwar kuwa huji huɗu gare ta, ko ɗaya bai hau ba, ramin ƙofar ma ya fi ta faɗi. Yaron rewaya ya ce a ɗaure ta da waya a cike gefen da gam. Raina bai kwanta ba, motar nan ita ce abincina. Mene ne mafita?

Kafintan Jahun:
Wa'alaikumus salam Malam. Kada ka yarda da waya, kafin ka kai Alƙaleri ta saki. Zoben katako za a yanka mata, ya shiga tsakaninta da ƙofar. A huda ribit ɗin a ciro tsohuwar, amma kada ka yar da ita, ita ce ma'auninka. Kifa ta a kan kwali, ka zana kewayenta da wurin hujin nan uku. Sannan ka auna bayan sabuwar, daidai inda za ta shige, ka zana da'irar a tsakiya. Kada ka dogara da 6.5 da ke jikin kwalinta, ramin da take buƙata bai kai haka ba, kuma kowane kamfani da nasa. Sai kwalin da ka zana ya zauna daram a ƙofa za a ɗora shi kan katako.

Katakon kuma shi ne maganar. Mutane na son MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, don yana da daɗin yanka, ni ba na sa shi a ƙofa. Ruwa na bin gilashi ya gangara ciki, damina ɗaya sai ka ga ya kumbura kamar burodi, sukurun ya zare. Nemi guntun filawud mai milimita 12 ko 18 wajen 'yan katako na Muda Lawal, a shafe shi da fenti ciki da waje, musamman bakin da aka yanka. In ka samu farantin roba mai kauri na yanka albasa, ya ma fi, ruwa bai san shi ba.

Rewaya daga Yelwa:
Gaskiya Baba kafinta ya faɗa. Ƙari kawai: kafin ka ɗaure, sauke gilashi har ƙasa ka tabbatar maganadisun da ke bayan sifikar bai taɓa shi ba. Zobe siriri, gilashi ya buga. Ya yi kauri da yawa, murfin ƙofa ya danne fuskar sifikar. Ka liƙa siririn soso tsakanin zobe da ƙarfe, domin in iska na zurarewa ta gefe, nauyin sautin ya tafi. A kula da wayoyin sifika kuma, in aka juya na ɗaya, sifikun biyu za su riƙa kashe wa juna sauti.

Direban Wunti:
Allah ya saka da alheri. Baba, da me zan kama zoben a ƙofa tunda ribit ɗin sun fita?

Kafintan Jahun:
Ƙananan noti uku da washa, wato ɗan faifan ƙarfen da ake sa wa noti, ta tsofaffin hujin. Ita sifikar kuma gajerun sukuru, waɗanda ba za su ɓulla ta bayan katakon ba.