In shiga CDA (ƙungiyar ci gaban unguwa), ko mu yi karo-karo mu yashe kwata da kanmu?

Mai Tireda: Salamu alaikum. Kwatar layinmu a nan Ikko ta toshe, ana yayyafi ruwa ya shigo shaguna. Shugaban CDA ya ce in shigo a matsayin wakilin Hausawa, akwai taron jin ra'ayi kan kasafin kuɗi a sakatariyar ƙaramar hukuma, mu kai kuka can. Maƙwabta kuma sun ce mu haɗa kuɗi mu kira leburori. Ni kaɗai ne a shago, ranar taro sai na rufe. Wanda ya taɓa shiga ya ba ni shawara.

Ɗan Agege: Wa alaikumus salam. Shiga, malam. Wanda bai je ba, da rabonsa ake raba wa wasu. Mu N1,000 muke biya duk wata.

Maman Hanif: N1,000? Mu N2,500 ne, da kuɗin mai gadi da gyaran get.

Baba Mai Goro: Yaro, ka ji ta bakin wanda ya yi. Na zauna a irin wannan taron kan hanyar layinmu. An jera kujeru, an raba ruwan leda, ciyaman ya iso bayan azahar. Rabin maganar da Yarbanci, sai da ɗana ya riƙa fassara mini. Na miƙa takarda da sa hannun 'yan layi, kansila ya karɓa da hannu biyu. Aka zuba tifa ɗaya ta yashi, aka ɗauki hoto da ni a tsakiya har da babbar riga. Damina ta kwashe yashin. Da na koma, sai aka ce aikin na jiha ne. Abin da ya fi ƙona min rai, mutanena suka fara raɗa wai an ba ni wani abu na ci.

Na Mile 12: Baba, ko ba komai ka fito a hoto. Turo mana mu ga rigar.

Malam Lissafi: Baba, da can ne. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ga kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Mai Tireda, ka nemi kwafin kasafin a rubuce. Amma fara tantancewa: kuna ƙarƙashin ɗaya daga ƙananan hukumomi 20 na asali ne, ko LCDA 37, wato yankunan raya ƙasa da jihar ta ƙirƙiro a 2003?

Baba Mai Goro: Malam, ka taɓa taka sakatariya, ko a waya ka karanto? Ina Ikko tun mulkin Gwamna Jakande.

Ɗan Agege: A nan aka yanke min cibiya, Baba. Gaskiya ita ce kansila ƙuri'a yake ƙirgawa. Mu nawa muka fita zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2025? Katin zaɓen rabinmu yana Kano da Sakkwato.

Maman Hanif: Leburori N40,000 suka yashe mana tamu.

Na Mile 12: Hajiya, rariyar banɗaki ce? Mu N150,000, kwashe laka daban.

Maman Hanif: Ku bar ta kwata ma. Kuɗin shara fa? Bil na zuwa kowane wata, motar sai ta ga dama. Ga masu tikiti iri-iri a bakin kasuwa, rasit ɗin ko hatimi babu.

Ɗan Agege: Tun da aka hana okada a wasu sassan Ikko a 2022 ƙannena suka koma Keke, su ma tikitin ne kullum.

Mai Tireda: Jama'a, taron jibi ne fa. In je?

Na Mile 12: Hajiya, ku nawa masu tikitin ke karɓa a rana?