Launin zayyanata yana ɓarewa daga allo, ina mafita?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu zayyana, taimakonku nake nema.

Ni ɗan Fagge ne. Tun ina makarantar allo son zane ya kama ni, saboda allunan sauka da ake ƙawatawa da ja da kore da rawaya. Daga baya dagin da ke bangon tsofaffin gidajen cikin birni ya ƙara ja na, na dinga kwaikwayonsa a takarda. Yanzu na koma kan allo, kuma a nan na maƙale.

Baƙar tawada ba ta ba ni wahala, gawayi da ƙaro nake haɗawa, tana zama daram. Launukan ne matsalar. Idan na dama garin launi da ƙaro, da ya bushe sai ya tsattsage ya ɓare, musamman yanzu da hunturu ya shigo. Idan na rage ƙaron kuma, taɓawa kaɗan sai ya bi hannu.

Shin farar ƙasa ake fara shafa wa allon, ko takarda ake liƙawa a yi zanen a kanta? Wane ma'auni kuke bi tsakanin ƙaro da ruwa? In akwai mai zayyana a Kasuwar Kurmi da zai yarda in zauna a gabansa in koya, don Allah ku haɗa ni da shi.