Neman kalma: tsutsar da ke kwance a tsokar yanyawa, me za mu kira ta?

Jama'a, ina neman taimakon masu Hausa a baka. Makon jiya na sha kunya a shirin noma da kiwo da nake fassara wa labarai a wani gidan rediyo a nan Jos. Labarin daga Turai ya fito: masu bincike kan karɓi namun dajin da mafarauta suka harbo, su yanki tsoka, su nemi wata 'yar tsutsa mai suna Tirikinela, sannan su bi ta DNA, wato saƙon gado da ke jikin kowace halitta, su gano wace iri ce. Da na iso kan kalmar "parasite", wato halittar da ke rayuwa a jikin wata tana ci daga gare ta, sai na yi abin da kowa ke yi, na ce ƙwayar cuta, dabbar da ake samun tsutsar a namanta kuma na kira ta dila. Kafin a rufe shirin wani makiyayi ya bugo waya daga wajen Bukuru yana tambaya wace allura ake yi wa dilan, ko irin ta ciwon huhun shanu ce. Laifina ne, ba nasa ba. Dabbar nan lafiyarta ƙalau, tana gudu tana farauta, tsutsar kuma na kwance a namanta shekara da shekaru.

Ƙwayar cuta ta gaji. Bakteriya ita, bairos ita, abin da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ita, yanzu har tsutsa muna son ɗora mata, kamar jakin mai itace.

Ashe ma kuskure biyu na yi. Wani mafarauci ya riga kowa gyara mini: dila daban, yanyawa daban. Wadda ake magana a kanta a Turai, ja mai wutsiya buzu-buzu, 'yar ɗakin su yanyawa ce. Na karɓa, jar yanyawa. Wannan ya wuce.

Kafin a kawo shawara bari in nuna muku abin, don kada mu raɗa wa jaririn da ba mu gani ba suna. Wani abokina likitan dabbobi, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom (tana can tun 1924), ya nuna mini hoton bidiyo a wayarsa muna shan shayi a Bauchi Road, sanyin nan na yankan kunne. Ana niƙa naman, a yanyawa an fi ɗaukar na ƙafar gaba da harshe, a zuba a ruwa mai ɗumin digiri 45 tare da asid da fefsin, sinadarin da tumbi ke narka nama da shi. Wato tumbi aka haɗa a kwalba. A yi ta juyawa kamar rabin awa, a tace, a bari ya kwanta, a ɗebi gindin a sa a madubin likita. Sai ga su nan, kowace tsawonta kamar milimita 1, a nannaɗe kamar gammo, wasu na miƙewa suna sake naɗewa. Na ajiye kofin shayina.

Wani ɗalibin likita mai suna James Paget ne ya fara lura da ita a Landan a 1835, a gawar mutum, masanin halittu Richard Owen kuma ya ba ta suna. Sunan daga kalmar Girkanci mai nufin gashi ya fito, saboda sirantarta.

To, ga shawarwarin da suka shigo zuwa yanzu.

Wani dattijo mahauci a Yan Shanu, ta bakin ɗansa, ya ce: "Tsutsa dai tsutsa ce, me ya kawo wahala?" Baba, da gaskiyarka a wannan ɗin, kuma ku kuka fi kowa sanin fararen ƙurajen nan da kan fito a naman sa, masu zama tsila a cikin wanda ya ci bai dahu ba. Amma kalmar da nake nema dole ta ɗauki abin da ba tsutsa ba ma, irin wanda sauro ke zubawa a jini. Rumfar ce ba mu da ita, ba 'yan cikinta ba. Tsila, kurkunu, macijin ciki, kaska, duk muna da sunansu tun kaka da kakanni.

Wani malamin Hausa ya kawo cima-zaune, ya kuma kafa hujja mai nauyi: a Girkanci asalin kalmar na nufin mai ci a gefen akushin wani. Wato abin da muke zagin malalaci da shi, shi su ma suka ara. Malam, Allah ya ƙara sani, na kwana ina juya ta. Abu biyu suka hana ni. Na farko, ba ta ɗaukar ɗafi. Faɗi "cima-zaunen tsoka" sau uku da sauri ka ji yadda harshe ke tuntuɓe, ni kuwa a makirfo zan faɗa. Na biyu, Tirikinela ba a zaune take ci ba. Idan aka ci naman da take ciki, a hanji take girma cikin 'yan kwanaki, ta haifi 'ya'ya, su huda su bi jini, kowace ta nemi zaren tsoka guda ta shige, ta juya shi ya zama ɗakinta, har jijiyoyin jini su kewaye shi suna kawo mata abinci. Wannan ai ba baƙon da ya zo ya tarar da tuwo ba ne. Wannan ya shigo ne ya sake ginin gidan.

Sai wata Hajiya mai sayar da maganin gargajiya ta aiko saƙon murya, ba ta ma yi dogon bayani ba. Ta ce: "Ɗana, abin da ka kwatanta ai kauci ne."

Nan na tsaya. Duk wanda ya tashi a karkara ya san kauci. Ka ɗaga kai kan ɗorawa ko kaɗanya ka ga wani curin ganye da ba irin na bishiyar ba, da jajayen furanni kamar tsinken ashana. Ba shi da saiwa a ƙasa. Tsuntsu ne ke cin 'ya'yansa ya manna irin a reshe, ya tsiro, ya kafa saiwarsa cikin naman itacen, wurin ya kumbura ya yi ƙulli, yana shan ruwan da bishiya ta jawo. Bishiyar kuma ba ta faɗuwa yau ko gobe, sai ya yi yawa reshe ya fara bushewa. Wani ne ke kawo shi, ciki yake kafuwa, mai masauki ke ciyar da shi, kuma ba lallai a ga ciwo ba. Duk abin da ƙwayar cuta ta kasa faɗa wa makiyayin Bukuru, kauci ya faɗa a gaɓa biyu. Ga shi da sauƙin ɗafi: kaucin tsoka, kaucin hanji, kaucin jini, kaucin hanta.

An yi suka, kuma ba ta banza ba ce. Wani ya ce a wurin mutanenmu kauci magani ne, kada wani ya ji kaucin tsoka ya ɗauka abin nema ne. Na yarda, shi ya sa karon farko dole a haɗa da bayani. Wani ya ce kaska da ƙuma fa, su da ke waje? Kaska ta kafa kai a fata tana zuƙa, ba ta yi nisa da kauci ba. Ƙuma mai tsalle ce dai ban san inda zan sa ta ba, ta ci gaba da zama ƙuma.

Sukar likitan nan abokina ce ta fi cizo. Ya ce Hausawa da sunan bishiya suke kiran kauci: kaucin ɗorawa, kaucin kaɗanya, kaucin tsamiya. In aka bi wannan hanya za a ce kaucin yanyawa, kaucin alade, a ɗauka an gama, alhali nan ne duk aikin binciken yake. Har zuwa 1972 ana ɗauka Tirikinela iri ɗaya ce tak a duniya, saboda a madubi kusan duk kamarsu ɗaya. Yanzu an san sun haura goma. Trichinella spiralis ta fi jin daɗin alade, daskarewa a firiza kuma na kashe ta. Trichinella nativa ta ƙasashen ƙanƙara ce, tana iya shekaru a daskararren naman dabba ba ta mutu ba, amma ba ta kama alade sosai. Trichinella britovi ita aka fi samu a jar yanyawar Turai, an kuma same ta a namun dajin ƙasar Gini, nan Afirka ta Yamma. Nelsoni na jikin kuraye da zakuna a Gabashin Afirka, zimbabwensis kuma a kada aka gano ta. Yanyawa ɗaya na iya ɗauke da iri biyu a lokaci guda. In an sami spiralis a yanyawa, hankali zai koma kan gonakin alade na kusa da inda ake zubar da mushe. In britovi ce, galibi zagayen daji ne, wannan ya ci mushen wancan. Sunan mai masauki ba zai gaya maka ko ɗaya ba.

Abin da ke rabewa shi ne a ɗauki tsutsa, ko guda ɗaya ta isa, a fasa ta, a ciro DNA, a sa a na'urar PCR mai kwafe guntun saƙon gado sau miliyoyi, dabarar da Kary Mullis ya samu kyautar Nobel a kanta a 1993. Kowace iri na fitar da layukanta masu tsawo daban, sai a karanta.

Wannan aikin ma yana son suna. Gwajin ƙwayar halitta da muke ji a labarai na da ciwo irin na ƙwayar cuta, komai ƙwayar halitta ne. Malamin Hausan nan, da bai yi fushin an ƙi cima-zaune ba, ya ce gwajin tsatso. Ban ko yi gardama ba. Wanda ya ji ya san ba kama ake dubawa ba, asali ake tonowa.

Ga masu cewa ina ruwanmu, ba ma cin yanyawa ba ma cin alade: a Faransa da Italiya naman doki ya sha kwantar da ɗaruruwan mutane da wannan tsutsa tun daga 1975, da zazzaɓi da kumburin ido da ciwon tsoka. A Filato kuma kasuwar naman daji ba ɓoyayya ba ce, kuma maƙwabtanmu na sauraron shirin. Shanya da banda ba su tabbatar da mutuwarta, sai zafi ya ratsa tsakiyar naman ya kai digiri 71.

Ga yadda zan karanta gyaran a shiri mai zuwa, in babu wanda ya kawo wadda ta fi kafin Laraba: "Masu bincike a Turai na yin gwajin tsatso don rarrabe ire-iren kaucin tsoka, wato tsutsar da ke kafuwa a cikin nama, da ake samu a jar yanyawa." Hajiya, jam'in kauci nake jira daga wurinki, don ni dai ban taɓa jin an faɗa ba.