Idan fatalwa ta san mai kisan, ina amfanin mai bincike?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun bara na kamu da son wasu littattafan Turanci da ake kisa a ƙaramin gari amma ba a nuna jini, kuma mai gano gaskiyar ba ɗan sanda ba ne. Yawanci mace ce mai shagon burodi, ga kyanwarta, ga fatalwar kakarta tana raɗa mata magana. Sai na fara rubuta nawa da Hausa. Tauraruwar bazawara ce mai ɗinki, matan unguwa na kawo mata atamfa haɗe da gulma. An tsinci gawar uwar adashi ranar kwasa, kuɗin babu. A babi na 7 na cije. Idan mamaciyar na iya yi mata magana, me zai hana ta faɗi sunan wanda ya kashe ta tun shafin farko?

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan damuwar ta girme mu. A 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya fitar da ƙa'idoji 10 na labarin bincike, ta biyunsu ta hana duk wani abin da ya fi ƙarfin hankali shiga warware kisa. Marubutan yanzu sun karya ta, amma sukan ɗaure wa fatalwar ƙafa: ko ta baya aka buge ta ba ta ga fuska ba, ko ta manta daren gaba ɗaya. Ni dai in ba a ba ni alamun da zan iya gano mai laifin da kaina ba, ajiye littafin nake.

Anti Balaraba:
Ƙanwata, ki cire mamaciyar nan. Masu karatunmu ba za su yarda wanda aka binne ya dawo hira ba, za ki sha surutu. Ki sa aljana, wadda ta daɗe a tsamiyar bayan shagon. Kuma kin samu mafita a huce, domin aljanu ba su san gaibu ba. Duba Suratu Saba'i aya ta 14: Annabi Sulaiman, alaihis salam, ya rasu jingine da sandarsa, suna ta aikin wahala ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. To aljanarki abin da ya wuce ta gindin tsamiya kawai ta gani. Ta ga mayafi ruwan toka bayan isha'i, shi ke nan. Sauran aikin na mai ɗinki ne, ita ta san wa ta ɗinka wa me, wa kuma ya biya bashin watanni uku kwatsam. Amma kar ki kai ta gidan boka, nan za ki rasa ni.

Maman Ilham:
Allah Ya saka da alheri Anti. Mayafin nan na ɗauka, kuma mata uku zan sa su mallaki irinsa, ankon biki ɗaya.