Bashin katin banki ya ƙi raguwa, a taimaka da shawara

Salam 'yan uwa na Jidda. Bara da Hajiyarmu ta kwanta asibiti a Kano na ciri riyal 9,000 a katin bashi, tun lokacin duk wata ina biyan kashi 5 cikin 100 ɗin nan na bashin da banki suke nema, amma in saƙo ya shigo waya sai in ga kamar ban biya komai ba, ribar da suke ɗorawa ta cinye kusan rabi. Albashina 3,500 ne, ga haya ga aike gida. Wani abokin aikina yace in karɓi tamwil, wato rancen banki, in rufe katin gaba ɗaya wai ribarsa tafi sauƙi. Don Allah akwai wanda ya taɓa yi? Tsorona kar sunana ya ɓaci a SIMAH, kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane a nan Saudiyya, wallahi abin yana hana ni barci.