Fiya a kan gasasshen burodi da kayan lambu, ya ake yi burodin bai jiƙe ba?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah taimako nake nema. Likita ya ce wa baban su Ilham ya rage soye-soye da gishiri saboda jininsa na hawa, shi kuma mutum ne da in ba ƙosai ko soyayyar doya da ƙwai ba to a wajensa bai karya ba. Ƙanwata ta ce in gwada mishi fiya a kan gasasshen burodi da gasassun kayan lambu wai yana riƙe ciki har azahar. To ni bani da obin, gas ne kawai sai kurfoti na gawayi, kuma fiyar da nake siyowa ko ta yi tauri kamar dutse ko in yanka in tarar cikin ya yi baƙi, ga burodin yana jiƙewa kafin ma in kai mishi. Wadda ta iya ta koya min dan girman Allah.

Anti Jummai Jos:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba maigida lafiya. Ki fara gyara wajen siyayya tukunna dan nan ne matsalar take. Ita fiya ba ta nuna a kan bishiya, sai an cire ta take nuna, shi ya sa mu nan Jos mai tauri muke siya mu nunar da ita a gida, wadda ta riga ta yi laushi a tire kowa ya zo ya latsa ta da yatsa, duk inda aka latsa nan ne kike tarar da baƙin. Ki naɗe ta a takarda tare da ayaba nunanna guda ɗaya ki ajiye a kicin, ayabar na fitar da wata iska mai saurin nunar da ita, kwana 2 zuwa 4 ta yi. Kar ki sa ta a firij tana ɗanya, sai ta nuna. In za ki duba ki sa ta a tafin hannu ki ɗan matsa a hankali, sannan ki ɓantare ɗan ƙullun da ke samanta, in ƙasan kore ne ta yi daidai, in ruwan ƙasa ne ta wuce. Irin namu manya masu koren baya sun fi ruwa, ƙananan nan da ake kira Hass masu bayan da ke yin duhu in sun nuna sun fi maiƙo, sun kuma fi zama a kan burodi, amma kowacce kika samu za ta yi.

Ummu Sadiq:
'Yar uwa wallahi kurfotinki ya fi obin ba da ƙamshi, kar ki damu. Ki bari gawayin ya ci ya zama garwashi babu harshen wuta, ki ɗora waya irin ta gasa masara. Tattasai ja da kore ki ɗora su sukutum har bayansu ya babbake ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, ki kwashe ki rufe a kwano minti 10 za ki ga fatar na saɓulewa da kanta, ki yanka dogo-dogo. Albasa ki yanka ta da kauri, yalo ki raba biyu, karas kuma sai kin fere shi siri-siri dan shi yana jinkirin yin laushi, ki shafe su da man gyaɗa ko na zaitun cokali ɗaya kacal. In a gas ne ki samu kasko mai kauri ya yi zafi sosai, kuma kar ki cika shi, in kika tula su wuri ɗaya ruwansu ne zai fito su dahu maimakon su gasu. Masu obin dai digiri 200 na Celsius suke sawa kamar minti 25.

Jiƙewar burodi kuma abu biyu ne, tumatir da gaggawa. Tumatir ki cire 'ya'yan da ruwan cikin kafin ki gasa. Burodin ki yanka da kauri ki gasa gefe biyu a busasshen kasko har ya yi ƙarau, yana sauka ki goga mishi tafarnuwa ɗanya sala ɗaya, ki bari ya sha iska kaɗan. Fiyar ki murƙushe da cokali mai yatsu, kar ta yi laushi kamar kunu a bar ɗan gudaji, ki matsa lemon tsami nan take shi ke hana ta saurin yin baƙi, ɗan masoro da yaji. Ita za ki fara shafawa da kauri sai kayan lambun a sama, maiƙonta ke tare ruwan. Kuma fa ita fiyar ba a ɗora ta a wuta, ɗaci take yi.

Malam Nas:
Hajiya ƙarin bayani ta ɓangaren lafiya. Giram 100 na fiya na da kalori wajen 160 da mai kusan giram 15, mai ne mai kyau irin na zaitun amma dai mai ne, rabin babba ɗaya ya ishe shi a zama guda. Siga a cikinta bai kai giram 1 ba, kuma man nata na taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin da ke zama bitamin A daga karas da jan tattasai, shi ya sa haɗin ya yi ma'ana. In da hali a nemi burodin alkama, farin nan mai zaƙi siga ya yi masa yawa. Ki kula da gishiri da magi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya kenan, kuma burodi da kansa akwai gishiri a ciki. Sannan fiya ta fi ayaba sinadarin fotasiyam, ga mai hawan jini alheri ne, amma in yana da matsalar ƙoda ko yana shan maganin hawan jini irin lisinopril lallai a tambayi likitansa kafin ya mayar da ita ta kullum.

Maman Ilham:
Kai na gode sosai Allah ya saka da alheri, ƙodarsa lafiya lau amma zan sa ya tambaya ranar asibiti. Anti Ummu zan iya haɗawa tun da dare? Safiyata da shirin yara makaranta ba sauƙi.

Ummu Sadiq:
Kayan lambun kawai, ki gasa da yawa ki sa a roba mai murfi a firij za su yi kwana 3 in wuta na zama, da safe ki ɗumama a kasko. Fiya da burodi kuwa sai lokacin ci. Rabin fiyar da ya rage ki shafa mishi lemon tsami ki manna leda a fuskarsa yadda iska ba za ta shiga ba. Ki ɗora wa maigida dafaffen ƙwai ɗaya a saman burodin tunda ya saba da ƙwai.